Wasiƙa Daga Ingila: Tsuntsayen Filin Salisbury A Lokacin Sanyi

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ba ku labarin kallon tsuntsaye a filin Salisbury da ke gundumar Wiltshire a kudancin Ingila, inda a watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu, iska kuma kan ratsa tufafi komai kaurinsu.

Fili ne makeke, ciyawa zalla a kan ƙasa mai alli. Sojoji ne suka hana garma cinye shi, domin tun 1897 suka fara sayensa don atisaye, har yau kusan rabinsa yana hannunsu, kuma duk inda aka ɗaga jar tuta ba a shiga. Saboda ba a nome shi ba, ɓerayen daji suka yi yawa, su ne kuma suke jawo wata mujiya da ke farauta tun da la'asar, tana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa kafin ta faɗa wa abincinta.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne tuje. Irin na nan babba ne ƙwarai, har namijinsa yana cikin tsuntsaye mafiya nauyi da ke iya tashi sama. Farauta da sauyin noma suka ƙarar da shi a Birtaniya wajen 1832, sai a 2004 aka fara dawo da 'ya'yansa daga Rasha, kuma a 2009 ya sake ƙyanƙyasa a wannan fili. A ganina, wahalar da aka sha kafin a samu wannan ɗan garke ta isa ta sa mu damu da tujen dajinmu, wanda shi ma farauta take ragewa.

Akwai kuma waɗanda ba a gani yanzu, wato ƙananan tsuntsayen da suka yi sheƙa a nan lokacin zafi, suka ƙetare Sahara zuwa Afirka ta Yamma. Da fari ya afka wa Sahel, a 1969 masana a nan suka lura cewa wasunsu sun dawo kaɗan ƙwarai.

Ina roƙon manoma da makiyaya daga cikinku su rubuto mini wuraren da har yanzu suke cin karo da tuje, da lokacin da suka fi ganinsa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Ingila