Jirgin da na kayar a gidan tsohon nan

Jiya da na dawo daga aiki na tarar da 'yar takarda a akwatin wasiƙunmu. Rubutun hannu ne na tsohon da ke zaune a hawan ƙasa: ranar 26 ga Disamba, ƙarfe uku, a sauko da yaro. Ina gama karantawa gabana ya faɗi, kamar bara ta dawo.

Shekarata uku ke nan a Jamus, a wani ƙaramin gari kusa da Situtgat, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Mu Musulmin wurin mu ke karɓar aikin 24 da 25 ga wata don abokan aiki su samu zama da iyalansu, sai a ba mu hutun 26. Da farko na ɗauka Kirsimeti a nan kamar Sallah ce, za a ga mutane a titi da sabbin kaya, yara na yawo gida-gida. Ina! Kowa ya kulle ƙofarsa, kantuna a rufe, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufa. Ka leƙa taga ba ka jin ko tarin mutum. A daidai wannan lokacin kuwa a Sakkwato hunturu ya sauka, hazo ya lulluɓe gari, ana zagaye da wuta a ƙofar gida ana shan rake. Mai ɗakina ta kasa jurewa. Ta soya waina ta zuba a kwano ta ce wa ɗanmu ya kai wa tsohon ƙasa, don ita ba ta san yadda ake biki maƙwabci bai ɗanɗana girkinka ba. Wannan wainar ce ta jawo mana gayyata.

Na zaci falo za a kai mu. Sai aka gangara da mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda nake tsammanin tarkace ake ajiyewa. Da ya kunna fitila na tsaya cak. Wani tebur ne da ya kusa faɗin zauren gidanmu, a kansa gari guda: duwatsu da rami ya ratsa cikinsu, gada, coci, tasha, shanu a makiyaya, mutane tsaye suna jiran jirgi, kowannensu bai kai gaɓar yatsa ba. Layin dogo ya kewaye ko'ina, faɗinsa milimita 16.5 kacal. Tsohon ya ce komai da ke kan teburin an rage shi ne sau 87 daga girmansa na gaskiya. Jiragen na Märklin ne, kamfanin da ke garin Gopingen, ba nisa da mu, yana nan tun 1859. Ya ɗaga wani kan jirgi ya nuna mini ƙarƙashinsa: akwai wani ɗan ƙarfe kamar bayan cokali da ke gogar 'yan ƙusoshin da aka jera a tsakiyar dogo, ta nan yake shan wuta. Ya ɗiga mai a bututun hayaƙin, ya murɗa jan makunnin da ke kan wani shuɗin akwati, sai ga jirgi ya motsa yana fitar da farin hayaƙi siriri. Ɗakin ya ɗauki ƙanshin mai da ɗumin ƙarfe.

Akwai 'ya'yansa maza biyu, duk magidanta, da jikoki, da wani amininsa mai furfura. Kowa da aikinsa, wani na canza layi, wani na riƙe da takardar lokutan tashi da isowa. A raina na ce dattijo ya haura saba'in yana wasan yara, a gida da tuni an fara yi masa addu'a. Ba a yi minti goma ba na samu kaina a durƙushe ina leƙen rami, ina jiran fitilar jirgi ta ɓullo.

Amininsa ne ya yi tambayar. Ba da mugun nufi ba, na sani. Ya ce a garinku wane irin jirgi ke tafiya? Na ce babu. Ya ce an daina? Na ce bai taɓa zuwa ba. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, daga nan bai ƙara ko taku ɗaya ba. Ya gyaɗa kai ya ce ƙaramin gari ne ke nan. Wannan kalma ta soke ni. Na shiga gaya musu cewa Sakkwato hedikwatar daula ce tun 1809, tun kafin Jamus ta zama ƙasa ɗaya a 1871, kuma ɗan ƙasarsu, Heinrich Barth da ya kira kansa Abdulkarim, shi ya keto Sahara ya zo mana a 1853. Jamusancina bai ɗauki nauyin maganar ba, kalmomin suka riƙa tsinkewa a bakina. Suka saurara cikin ladabi, suka ce abin sha'awa. Ni kuwa zuciyata na tafasa.

A cikin wannan hali tsohon ya ja ni gaban shuɗin akwatin ya ce in tuƙa. Karramawa ce, daga baya na gane ko jikokinsa ba kowane jirgi yake bari su taɓa ba. Baƙin kan jirgi ne mai nauyi, na zubin ƙarfe, da jajayen ƙafafu. Ya ce a hankali, idan an zo kwana a sassauta. Na murɗa. Jirgi ya tashi, ɗana ya yi tsalle yana cewa Baba ƙara, Baba ƙara. Na ƙara. A kwanar da ke bakin tebur ya bar dogo, ya ja tarago biyu, ya faɗo kan siminti.

Har yau ina jin ƙarar. Ɗakin ya yi tsit. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya ɗauke shi da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Fitilar gaba ta fashe, ɗaya daga cikin ƙarafan goshin ya karye. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Na babana ne. Ina ɗan shekara bakwai ya kawo shi gida.”

Sai na ƙara kuskure a kan kuskure: na zaro walat. Ya dubi walat ɗin, ya dube ni, ya girgiza kai. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Amma babu wanda ya ce ba komai. A gida ko tukunyar gado ka fasa wa mutum, zuciyarsa na ƙuna zai ce maka tsautsayi ne, wallahi ba komai, don ya sauke maka nauyi ka iya ɗaga kai. A nan aka bar ni da kayana a ka. Matarsa ta kawo kek da kofi, muka ci, aka ci gaba da tuƙa sauran jiragen. Kafin ƙarfe biyar na ce yaro na jin barci, muka hau sama.

Sati uku ina laɓe. Idan na ji motsin ƙofarsa sai in tsaya a matakala har ya wuce. Kunya ta koma haushi, ina ta cewa mai ɗakina me zai ragu a jikinsa in ya ce ba komai? Ita ce ta ce mini ba jirgin ke cin raina ba, in kira Yaya.

Gaskiyarta. Baba ya rasu ina wata bakwai da zuwa. An kira ni da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ni ina nan ina canza wa wata tsohuwa zanen gado. Ban wanke shi ba, ban sallace shi ba, ban zuba masa ƙasa ba. Tsohon nan mai shekara saba'in da wani abu yana riƙe da abin da hannun ubansa ya taɓa, yana share shi, yana zuba masa mai duk Disamba. Ni ko hular Baba ba ni da ita a nan.

Kuma Baba shi ne mutumin jirgi a gidanmu. Sana'arsa fatu da ƙiraga, jar fatar akuyar Sakkwato da duniya ta sani. Yana saurayi yana bin ubangidansa, a loda fata a babbar mota zuwa Gusau, tafiyar sama da kilomita 200, daga can a zuba a tarago. Sau ɗaya ya bi kayan har Ikko. Wannan tafiya ɗaya ya ba mu labarinta ya fi sau ɗari: yadda aka kwana a Zariya ana jiran canji, yadda jirgi ya hau gadar Jebba ya rufe ido yana salati, yadda garwashin hayaƙi ya ƙona masa sabuwar riga. Yakan kwaikwayi kukan jirgin da bakinsa, mu kuwa mu jeru a bayansa kowa ya riƙe rigar na gabansa, mu zagaye tsakar gida. Inna na daka tana cewa ya girma bai san ya girma ba.

Na kira Yaya na kwashe komai na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To kai mi ad damuwarka? Ƙarhe na, ana gyara shi. Ka tai ka gaishe da dattijo, ba a gudun maƙwabci.” Yaya ke nan. Shi ne gwanin motar kara a unguwarmu muna yara. Da reza da ƙaya da totuwa yake ƙera tirela mai taya goma sha takwas, ya yanko tayoyin daga tsohon silifa, har ƙofarta na buɗewa. Ni aikina riƙe masa kara. Da ƙarfin Baba ya fara raguwa, shi ya bar makaranta ya zauna a rumfa don ni in ci gaba. Yau ni nake shiga jirgi safe da yamma har ina gyangyaɗi a ciki, shi kuwa mai hannun ƙira bai taɓa sa ƙafa a tarago ba. Wannan abu in na tuna shi abinci ba ya wuce mini.

Ban samu ƙarfin zuwa ba, tsohon ne ya hau. Wata Asabar a Fabrairu ya ƙwanƙwasa, jirgin na hannunsa a naɗe cikin tawul. Ya buɗe ya nuna mini goshin, ya samo kayan gyara a kasuwar da masu irin wannan sha'awa ke haɗuwa suna musayar tsofaffin kaya. Ya ce, “Ya koma aiki.” Iyakar maganarsa ke nan, bai ko zauna ba. Na tambaye shi inda kasuwar take. Watan da ya biyo baya muka je tare, ya zaɓar mini na hannu mai lafiya: kan jirgi ɗaya, tarago uku buɗaɗɗu, dogo mai zagaye, da akwatin wuta. Shi ya yi cinikin.

Da Babbar Sallah na kai shi Sakkwato. Washegarin layya, gida ya cika da hayaƙin suya, na zazzage kwalin a tsakar gida. Tabarma ta ƙi, dogo ba ya zama daidai a kanta, sai Yaya ya ciro tsohon ƙyauren ɗakin Baba da ke jingine a bayan rumbu, muka kwantar da shi a kan bulo huɗu. Ƙarfin wutarmu da ta Jamus ɗaya ne, bakin fulogi ne ya bambanta, na zo da mahaɗi. Muna gama haɗawa aka ɗauke wuta, aka aro janareta a maƙwabta. Yaran unguwa suka cika gidan har kan katanga. Jirgi ya yi zagaye biyu ya tsaya, ƙura ta hau dogo. Na goge da tsumma, ya tashi.

Yaya bai ce komai ba, ya fita. Bayan la'asar ya dawo da damin kara da reza. Mutum mai 'ya'ya shida, da furfura a gemu, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Kafin magariba ya ƙera tasha mai rumfa da benci da ɗakin sayar da tikiti, ya kafa allo a gaba, babban ɗansa ya rubuta SAKKWATO da biro. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da guntayen jar fata da ya yanko a rumfa, ya ɗaure su ƙulli-ƙulli da zare, ya loda a taragon nan uku. Na miƙa masa makunnin. Ya tuƙa a hankali, in ya zo kwana ya sassauta ba tare da kowa ya gaya masa ba, ya tsayar da shi daidai bakin tasha.

Inna na zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno, idonta ya yi rauni, sai da aka matso da ita. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Wanga shi na jirgin da Malam ka faɗi?” Na ce shi ne, Inna, ƙaraminsa. Ta ce, “Da shina nan da ba mu kwana ba yau.” Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Yaya ya sunkuyar da kai yana gyara zaman wani ƙullin fata da ba abin da ya same shi.

Can na baro jirgin. Ɗana ya yi kuka, na ce masa na gidan kaka ne. Yanzu sai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ake fito da shi, Yaya ne kaɗai ke riƙe makunni, ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Da hunturun nan ya shigo injin ya cije, ya kwance shi da kansa ya wanke, ya ɗiga masa man keken ɗinki, ya tashi. An sa bikin ƙanwarmu bayan ƙaramar Sallah kuma da wuya in samu hutu. Aikin idon Inna ma an ce sai sanyi ya wuce. Ɗakin Baba na yoyo tun damina, na turo kuɗin kwano, Yaya ya ce ƙyauren dai ba za a mayar ba.

Mai ɗakina ta ce za mu sauka ranar 26, har ta sayo shinkafar waina. Na ajiye bidiyon tashar Yaya a waya, wanda fatar ke cikin tarago, zan nuna wa tsohon da amininsa. Tun jiya nake neman yadda ake cewa karan dawa da Jamusanci.