Daga Maraɗi zuwa Kurmin Kakum: yawon amarci cikin laima

Da na faɗa wa dangi cewa bayan biki za mu tafi Gana yawon amarci, kowa tambayar zafi yake yi mini. Mutumin Maraɗi da ya saba da ranar watan Afrilu, wadda ke haura digiri 40, ba zafin kurmi ne zai ba shi wuya ba. Laima ce matsalar, wato danshin iska, kuma ita ce ba mu san yadda ake yi mata shiri ba.

Mun tashi a watan Oktoba, agazari na ƙarewa a gida, can kuwa ana tsakiyar ƙaramar damina. Kudancin Gana damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ke son ganin daji cikin shigarsa ta gaske, ƙaramar ta fi masa, don ruwan kan zuba ne ya ɗauke, ba ya kwana yana zuba. Wanda ya je Disamba ko Janairu zai sami sauƙin tafiya, amma hazon hunturun da ya baro gida zai tarar ya riga shi zuwa.

Takardu tun kafin a sa ranar biki ake fara su. Fasfo na kowa, takardar aure daga ofishin magajin gari, sai katin riga-kafin shawara, ruwan ɗorawan nan, wanda ake tambaya a filin jirgi tun kafin a duba fasfo. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana 10, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Amarya ta yi tata kafin ɗaurin aure, domin galibi ba a yi wa mai juna biyu, kuma bayan tarewa ba wanda zai iya rantsewa. Haka batun maganin kariya daga zazzaɓin sauro: wasu irinsa ba su dace da mai ciki ba, sai a bar likita ya zaɓa. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, sai matafiyi ya tambayi ofishin jakadanci ƙa'idar shiga ta wannan lokacin kafin ya biya tikiti, kada ya dogara da labarin wanda ya je shekarun baya.

Hanyar ƙasa ta Burkina, wadda motocin albasa ke bi, ban ga dalilin ɗora amarya a kanta ba a halin tsaron da ake ciki. Mun hau kar ta asuba zuwa Yamai, kilomita wajen 660, ta Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, muka isa da yamma liƙis. Kada a haɗa ranar kar da ranar jirgi. Fashewar taya guda ta isa ta cinye tikiti. Muka kwana, washegari muka tashi daga filin jirgin Diori Hamani, muka sauya jirgi a Lome, sai Akara, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Humra da duk wani turaren ruwa da ya wuce mililita 100 a sa shi cikin akwatin da za a auna, a naɗe kwalbar da zane. In yana jakar hannu, a bakin bincike za a rabu da shi. Agogo a mayar da shi baya awa guda.

Abubuwa biyu ne ke kama baƙo a daren farko. Na ɗaya wuta: soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Ingila, cajarmu mai ƙafa biyu zagayayyu ba ta shiga, sai an sayi abin haɗi. Na biyu kuɗi. Sefa ɗaure take da Yuro, shi kuwa sidi, kuɗin Gana, kullum da farashinsa, don haka kaɗan-kaɗan muke canzawa a shagon canji mai lasisi, na kwana biyu ko uku. A sayi layin waya da fasfo a sa masa kuɗi, don har mai sayar da kwakwa a bakin titi yana karɓar biya ta waya.

Kwana ɗaya ya ishi Akara. Mun sauka kusa da Nima, inda Hausa ke sayen komi, muka yi la'asar a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, ginin Turkawa da aka buɗe a 2021. Da safe koko da ƙosai, kuma su kansu mutanen Gana kokon Hausa suke ce masa. Shinkafa da wakenmu ita ce wacensu, ana dafa ta da karan dafi ta yi ja, a zuba mata wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Tuwon zafi ma sunansa bai sauya ba. Mai kokon ta dubi lallen ƙafar amarya ta ce, "Amarya, daga Arewa? Allah ya ba da zaman lafiya. Maigida, ka ƙara mata ƙosai mana."

Daga tashar Kaneshi da ke Akara zuwa Kef Kos, garin bakin teku, kilomita kusan 150 ne, amma cunkoson Kasuwa (sunan garin ke nan, kuma daga bakinmu ya samo shi) yana iya mayar da tafiyar awa 4. A fita kafin gari ya waye. Dajin Kakum yana arewa da Kef Kos da kilomita wajen 30, faɗinsa murabba'in kilomita 375. Tasi muka ɗauka na yini, muka yi ciniki har da jira da dawowa, saboda da rana ta yi motar komowa wuya take.

Tun a hanya jiki ke fara ba da labari. Ma'aunin zafi bai cika wuce 30 ba, amma riga ta jiƙe sharkaf ta manne. Randa tana sanyaya ruwa ne don iskarmu busasshiya ce, tana shanye raɓar da ke tsattsafowa ta jikinta. Zufa ma haka take yi mana a gida. A kurmi iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar na jikinka, sai zufar ta zauna. Mutum ba ya jin ƙishi irin na bazara, alhali ruwa na fita daga jikinsa. Lita ɗaya da rabi ga kowane mutum muka ɗauka don yawon safe kawai, kuma ba ta yi saura ba.

Saboda haka kayan lefe su zauna gida. Shadda mai sitaci tana laushi ta zama tsumma cikin awa guda, leshi yana ƙaiƙayi, takalmin fata yana fumfuna a kwana uku. Abin da ya yi mana aiki: rigunan auduga marasa nauyi masu dogon hannu, huɗu-huɗu, wando, safa doguwa, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba mai gurzu. Amarya ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabi iya ƙugu na yadi mai shan iska. Kitso ƙanana ya fi, a kuma riƙa buɗe kai a ɗaki ya sha iska, in ba haka ba gashi ya yini a jiƙe ƙarƙashin ɗankwali. Wankin da za ka shanya a Maraɗi ka kwashe kafin ka gama shan shayi, can sai ya kwana biyu da danshi yana warin gumi. Dabara ita ce a matse tufa cikin tawul busasshe, a rataye ta gaban na'urar sanyaya ɗaki, don na'urar tana tsotse laima. Ɗaki mai fanka kawai ya fi arha, amma fanka iskar ruwa take juyawa. Kilishi da dambun nama da aka ba mu guzuri, duk ledar da aka buɗe sai a cinye ta ranar. Wadda muka bari zuwa kwana na uku ta yi farin gashi. Turaren wuta kuwa a tambayi masu otel tukuna, wasu ɗakunan da na'urar jin hayaƙi.

Ƙarfe 8 na safe muna bakin ƙofa. A guji Asabar da ranakun hutu, lokacin ƴan makaranta ke zuwa mota-mota, su hau gadar igiya da aka rataya a saman itatuwa suna tsalle. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma ba a shiga sai da jagora. Daga wurin karɓar baƙi ana hawan tudu kamar minti 20 a kan matakalar duwatsu masu gansakuka. Nan aka fi faɗuwa, ba a kan gadar da kowa ke tsoro ba. A taka tsakiyar dutse, kada a taka saiwa, kada kuma a kama kowace itaciya don neman tallafi, wasu ƙaya gare su tun daga gindi. In an ga baƙin layi ya ratsa hanya, kwarkwasa ce: a tsallake da sauri, kada a tsaya kallo. Dalilin cusa ƙafar wando cikin safa ke nan.

Gadar an buɗe ta a 1995. Guda bakwai ce a jere, tsawonsu gaba ɗaya mita wajen 350, an ɗaura su daga wannan itaciya zuwa waccan, wani wurin mita 40 daga ƙasa. Abin takawa tsani ne na alminiyam da aka shimfiɗa wa katako, faɗinsa bai wuce a jera ƙafa biyu ba, raga ta tashi dama da hagu har kusan ƙirji, igiyoyin ƙarfe na riƙe da komi daga sama. Tana lilo, haka aka yi ta. Abin da ke ƙara lilon shi ne mutane su matsu wuri guda ko su daidaita taku. A bar tazarar taku biyar ko shida, hannu biyu a kan igiya, ido a kan dandalin da ke gaba. Ango ya bi baya, kada ya riƙe hannun amarya, hannun nan aiki gare shi. Waya a rataye ta a wuya ko a bar hoto sai an kai dandali, abin da ya faɗi daga nan ya tafi ke nan. Dogon hijabi da gyale suna maƙalewa a ƙullin raga. Wanda ya hau ta farko ya ji ba zai iya ba, akwai gajeriyar hanya mai gada uku da ke mayar da shi ƙasa.

A dandali na uku muka daɗe. Daga sama dajin kamar gonar kabeji yake, kore iri-iri har iyakar gani, tururi na tashi daga tsakaninsa bayan ruwan dare. Rimin da muka sani a gida shi ne sarki a nan, ya zarce kowa tsawo, gindinsa da fukafukai kamar katangu, mutum na iya ɓuya a tsakaninsu. Jagora ya ce saiwar ba ta nitsewa can ƙasa, don abincin ƙasar kurmi duk a sama-sama yake cikin ruɓaɓɓen ganye, shi ya sa itaciyar ke tokare kanta ta gefe. Akwai dangin maɗaci, akwai loko da suke kira odum. Mai zuwa don ganin dabbobi kuwa ya rage buri. Giwar kurmi na ciki, da birai iri-iri, amma suna can nesa da hayaniya, kuma duhun ganye bai barin ido ya wuce taku ashirin. Tsuntsaye dangin cilakowa muka gani, da malam-buɗe-littafi masu faɗin tafin hannu, sauran duk da kunne muka ji su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba cikin gandun yake ba. A hanyar dawowa direba ya tsaya da mu a wata gonar koko, muka ga ƴaƴan suna fitowa daga jikin kututture, aka fasa ɗaya muka tsotsi farin naman da ke lulluɓe da ƙwayar, zaƙi da ɗan tsami kamar tsamiyar biri. A gefen gonar sai ga itaciyar goro. Ƙwarya nawa aka raba a ɗaurin aurenmu, ɗari-ɗari, amma a cikin masu rabon da masu ci ban san wanda ya taɓa ganin uwar ba. Itaciya ce matsakaiciya mai duhun ganye, ɗanta kore ne mai ƙuraje, ya kai girman mangwaro babba. In an tsaga shi sai a ga goro a jere, kowane cikin farar riga. Ana jiƙa shi ko a tara shi kwanaki rigar ta ruɓe, a wanke, a zaɓe, sannan a naɗe cikin ganyen fita a yi huhu. Laimar da ke ɓata mana kaya ita ce ransa. Iskarmu ce ke kashe shi, shi ya sa mai goro a kasuwar Maraɗi ke yini yana yayyafa wa algarara ruwa. Saboda wannan ɗan itacen fatake suka riƙa tafiyar watanni da jakuna zuwa Gwanja, su sauke kanwa da fata a Salaga su ɗauko shi.

Abinci a yankin Kef Kos sai da tambaya. Kifi ne mafi kwanciyar hankali, gasasshe da dokunu ko banku. Miyar sakwara a gidajen abincin bakin hanya tana iya zama ta naman daji, gyazbi ko wanda ba a san yankansa ba, kuma ana sayar da alade a fili. Mai son nama ya nufi zango, unguwar Musulmi, wajen kasuwar Kotokuraba. Farin ruwan da ake miƙo wa baƙo cikin ƙwarya a ƙauye bammi ne. Mu da ba mu yi niyyar kwana huɗu a wuri guda ba, ƙasaru muka riƙa yi; magariba kuwa tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu ya rufe nan take.

Mun ba gidajen bayi yini guda, na Kef Kos da na Elmina wanda Fotugis suka gina a 1482. Ba wurin raha ba ne, a sa shi ranar dabam da ta daji. Teku kuwa kallo kawai. Igiyar ruwan gaɓar nan tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum ciki, wanda iyakar ruwansa Gulbin Maraɗi da damina kada ya bari ya wuce masa idon sawu. Ranar Talata masunta ba sa fita, ita ce ranar ganin jiragensu jere a gaɓa, amma ba ranar neman ɗanyen kifi ba ce.

Kwana 9 muka yi har da hanya. Maganin sauron akwai wanda ake ci gaba da sha bayan an dawo, a cika shi yadda likita ya rubuta, kuma duk zazzaɓin da ya taso cikin makonnin farko a je a yi gwajin jini ranar, a faɗa wa likita inda aka fito. Akwatuna a buɗe su daren isowa, kada a tura ƙarƙashin gado. Namu mun zazzage su a tsakar gida da safe, har da takalman da suka yi kore, kafin azahar komi ya bushe ƙayau. Goron tsaraba, ƙwarya biyu, shi kaɗai muka bari cikin ganyensa, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu a gindin randa.