Hannu ko kwamfuta: abin da garejin giyabos ya koya mini game da adalci a tsere

A Amurka akwai tseren motocin da ba shi da kwana ko ɗaya. Motoci biyu ne ke jeruwa, fitila ta ba su hannu, su miƙe ƙafa 1,320, wato rubu'in mil, kimanin mita 402. Babbar hukumar harkar ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951. Ni ta ƙarƙashin mota na san wannan tsere, domin garejin da na koyi gyaran giyabos a can, yawancin masu kawo mana aiki 'yan rukunin Stock ne, rukunin motocin da ake so su zauna kusa da yadda kamfani ya ƙera su. Gardamar da ta fi tashi a tsakaninsu kuwa ita ce ta canjin giya: daidai ne kwamfuta ta riƙa sa wa sabuwar mota giya, alhali mai tsohuwar mota, ko da otomatik ce, da hannunsa yake sawa?

Darasin farko shi ne, a wannan rukuni ba wanda ya fi gudu ne ke ci ba. Kowane direba yana rubuta wa gilashinsa lokacin da yake sa ran motarsa za ta yi, a ce daƙiƙa 10.85. Wanda motarsa ta fi nauyin ƙafa shi ake fara saki, ɗayan ya biyo bayan tazarar da ke tsakanin lambobinsu. Wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi, ko da shi ya riga isa, sai dai in abokin karawarsa ya fi shi ƙetare tasa lambar ko ya tashi kafin koriyar fitila. Saboda haka abin da ake nema shi ne mota ta maimaita kanta, yadda ta yi da safe ta yi da yamma, har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Rukunin ya kasu aji-aji, kuma sai idan motoci biyu 'yan aji ɗaya suka haɗu ne ake sakinsu tare, mai gudu ya ci.

A nan canjin giya ke da nauyi. Direban da ke sawa da hannu idonsa na kan allura ko fitilar da ke nuna juyin inji ya kai. In ya yi gaggawa kaɗan, ko ya makara kaɗan, lokacinsa ya motsa. Kwamfuta kuwa inda aka ce mata nan take sawa, yau da gobe. Akwai kuma ribar da ba a cika ambata ba: wanda aka ɗauke wa wannan aiki yana da sararin waiwayen abokin karawarsa tun daga nesa, ya auna ko ya taɓa birki kafin layi don kada ya ƙetare lambarsa. Tsofaffin direbobin da na saurara sun fi jin zafin wannan a kan komai.

Amma masu sababbin motoci ma ba da wofi suke magana ba. Tun da General Motors ta fito da giyabos ɗin 4L60E a 1993, ta sa shi a Camaro a 1994, kwamfuta ce ke canja giyar motar tun daga masana'anta. In ƙa'idar rukunin ita ce "yadda kamfani ya yi", to su ne ma suka fi kowa bin ta. Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Daga baya kamfanonin suka shiga ƙera motocin tsere da kansu, Ford da Cobra Jet a 2008, Dodge da Drag Pak a 2009, Chevrolet da COPO Camaro a 2012, aka jera su da motocin shekarun 1960 masu kafireto.

Wani abin kuma sai wanda ya kwance giyabos yake saninsa. Tsofaffin otomatik irin su TorqueFlite da Turbo 350 su ma suna iya sa wa kansu giya. Akwai wani ɗan ƙarfe mai juyawa a cikinsu, da nauyi da sifirin, wanda ke ƙara matsin mai gwargwadon gudun mota har giya ta shiga. Maigidana yakan zauna yana rage nauyin nan yana sauya sifirin, don giya ta riƙa shiga a juyin da mai motar ke so. Ba wanda ya taɓa kiran wannan maguɗi, gwaninta ake kiransa. Bambancin kawai shi ne zafin mai yana taɓa shi, kuma daidaita shi aiki ne mai cin rai, alhali na kwamfuta lamba ce za ka sauya a allo. Wato wani ɓangare na ƙorafin, a ganina, baƙin cikin wanda ya sha wuya ne ya ga wani ya samu a sauƙaƙe. Ban raina wannan ba, amma ba hujjar doka ba ce.

Inda na ga gaskiyar masu ƙorafi shi ne a yadda hukuma ke daidaita motoci. Ana raba aji ne da nauyin mota a kan ƙarfin injin da hukuma ta ƙiyasta. In wani nau'in inji ya fara gudu fiye da kima, sai a ƙara masa ƙiyasin, motar ta ɗauki ƙarin nauyi ko ta hau aji. Wannan maganin fifikon gudu ne. Fifikon maimaitawa kuwa ba shi da magani a tsarin, domin ko ka ɗora wa motar buhun ƙarfe, kwamfutarta za ta ci gaba da sa giya a wuri ɗaya. Hukumar ta san darajar irin wannan fifiko, shi ya sa ta hana 'yan Stock akwatin da ke lissafa wa direba lokacin tashi.

Sai batun bincike. Mai duba mota yana iya auna kafireto, ya ɗora mota a sikeli, amma abin da ke cikin kwamfuta ba ya ganuwa da ido. Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ta ɗanɗana wannan: ta haramta na'urar hana taya sulɓi a 1994, ta halatta ta a 2001 saboda ta kasa kama masu ɓoye ta, ba ta iya sake haramta ta ba sai a 2008, da aka tilasta wa kowa kwamfuta iri ɗaya. In masu wannan dukiya sun kasa, ina ga mai duba motoci a ƙaramin fili ranar Asabar?

Don haka ni na tsaya a kan a ba duk mai otomatik dama iri ɗaya ta barin kwamfuta ta sa masa giya, tsohuwa da sabuwa. Hana sababbin ba zai tsaru ba, barin su kaɗai kuma fifiko ne da shekarar ƙira ta ba mutum, ba aikinsa ba. Na san wanda wannan ra'ayi bai share wa hawaye ba: mai kuloci, wanda ajinsa daban ne a takarda amma a zagayen fitar da gwani da masu otomatik yake karawa, yana sa giya uku ko fiye da hannu a cikin daƙiƙa goma sha ɗaya.