Inda na kai a koyon hoton fuska na kusanci

'Yan'uwana masu koyon ɗaukar hoto, a watannin nan na jingine hoton gine-gine da na shimfiɗar ƙasa, na mayar da hankalina kacokan kan fuskar mutum ɗaya a cikin ɗaki ɗaya, kuma ina so in sanar da ku inda aikin ya kai. Irin hoton da nake nema shi ne wanda mai kallo zai ji kamar an ba shi izinin zama kusa da wanda aka ɗauka, ya gan shi yadda yake idan ya saki jiki, ba yadda yake shirya fuskarsa domin baƙi ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar ba ta ba da wannan labari ga wanda ba ta amince da shi ba, ko da kyamararsa ta fi ta kowa tsada.

Abin da na fara daidaitawa shi ne tazara. Masanin halayyar ɗan Adam Edward Hall, ɗan Amurka, ya bayyana a 1966 cewa tazarar da ba ta kai santimita 45 ba ta makusanta ce kawai, kuma duk wanda ya kutsa cikinta ba da gayyata ba yana tayar wa mutum da hankali. Kyamara ma ba ta son wannan matsowa, domin idan aka kusanci fuska sosai hanci yakan kumbura, kunnuwa su ja baya, siffar mutum ta jirkice. Saboda haka nake tsayawa kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu da gilashin kyamara (lens) mai milimita 85, wanda yake cika hoton da kai da kafaɗu ba tare da na matsa wa kowa ba. Sai dai a lura, idan aka buɗe ƙofar hasken gilashin zuwa f/1.8 (ƙaramar lamba na nufin babbar buɗa) a tazarar mita ɗaya da rabi, abin da zai fito da kaifi zurfinsa kusan santimita 3 ne kawai, don haka nake ɗora saitin a kan idon da ya fi kusa da ni, in kuma mutum ya karkata fuska sai in rage buɗar zuwa f/4.

Haske kuwa taga ɗaya ta ishe ni. Nakan kashe fitilun ɗakin, in zaunar da mutum kusa da tagar da rana ba ta bugowa kai tsaye, in juya shi a hankali har ƙaramin haske mai kusurwa uku ya bayyana a kuncin da ke cikin inuwa, salon da ake jinginawa ga mai zanen nan na ƙasar Holan, Rembrandt. Idan inuwar ta yi nauyi, farin kwali a ɗaya gefen yana sassauta ta. Ga mai duhun fata, na fi son hasken da ya zo daga gefe, domin shi ne ke fito da sheƙin goshi da ƙashin kunci.

Duk waɗannan ana iya koyonsu cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi cin lokaci, kuma a ganina shi ne ainihin aikin, shi ne zaman da ake yi kafin a taɓa kyamara. Kwanan baya na ɗauki wani dattijo da ya shafe rayuwarsa yana gyaran agogo. Da farko ya zauna a miƙe, ya haɗe leɓe, ya ɗora tafin hannu a kan gwiwa kamar mai jiran hoton fasfo. Na kafa kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku, na janye fuskata daga bayanta domin ya riƙa ganin idona, sannan na tambaye shi wane agogo ne ya fi ba shi wahala. Yana cikin bayani sai yatsunsa suka fara motsi su kaɗai, babban yatsa da manuniya suna murza wani ƙaramin ƙarfe da babu shi a wurin, kafaɗarsa ta sauka, idonsa na hagu ya ɗan tsuke saboda sabo da gilashin dubawa. Bayan ya kai ƙarshen maganar ya yi shiru yana tunani, kuma a wannan shirun na danna. Tun daga ranar na daina ce wa kowa ya yi murmushi, domin fuskar da ta gama magana ta fi wadda aka umarta gaskiya.

Tarihin wannan sana'a ya ƙarfafa mini gwiwa a kan haka. Julia Margaret Cameron ta Ingila ta samu kyamararta ta farko a 1863 tana da shekara 48, kuma faranten gilashin da ake ɗaukar hoto a kansu a zamaninta suna buƙatar mutum ya zauna na tsawon lokaci ba motsi. Masu suka sun yi ta aibata rashin kaifin hotunanta, amma hoton da ta yi wa masanin taurari John Herschel a 1867 har yau yana kama mai kallo, saboda ta san mutumin shekaru masu yawa kafin ta ɗauke shi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, ya dogara da hasken rana kuma galibi ɗauka ɗaya yake yi wa mutum, wanda ke nuna cewa yawancin aikinsa ya ƙare tun a wajen zaunar da mutum da gyara masa hannu da kafaɗa. Akwai wata hanyar dabam, irin ta Yousuf Karsh da ya fizge ƙatuwar sigari daga bakin Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Winston Churchill, a Ottawa ta Kanada a 1941 ya ɗauki ɓacin ransa. Hoton yana da ƙarfi ƙwarai, amma ni ba na son fuskar da aka samu ta hanyar shammata.

Wannan ne ya sa batun izini ya zama wani ɓangare na fasahar a wurina. Kafin mu fara nakan faɗa wa mutum inda hoton zai je da wanda zai gan shi, bayan mun gama kuma mu duba tare, duk wanda bai kwanta masa ba in goge shi a gabansa ko da ni ya fi burge ni. Wajen gyara a kwamfuta ba na shafe tamoji ko tabo, iyakata daidaita haske da inuwa.

Mataki na gaba da na sa a gaba shi ne ɗaukar mutum biyu da suka shaƙu, kamar uwa da ɗiyarta, inda zan rage buɗar gilashin zuwa f/5.6 domin idanun duka biyun su fito, in kuma koyi jiran lokacin da hankalinsu zai bar kaina ya koma kan junansu.