Fatar Maraɗi a cikin maganaɗisu

Fata ce ta kai ni Maraɗi. Muna wani bincike a kan jimar gargajiya, kuma duk wanda ya san harkar fata ya san ta jar akuyar Maraɗi, ga laushi ga ƙarfi, ga fuska sumul. Na tashi daga Katsina da sassafe, muka bi ta Jibiya, aka duba takardu a iyaka, daga Ɗan Isa kuma ciniki ya koma da sefa. Kafin azahar muna cikin gari.

Wani abokina malamin kimiyyar sinadarai ne ya tarbe ni, ya goya ni a babur sai majema. Tun daga nesa wari ke gaya maka ka iso. Muka tarar da wani dattijo a tsugune, hannuwansa sun rine da ruwan bagaruwa har gwiwar hannu. Bayan gaisuwa ya zagaya da mu: inda ake jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, gungumen da ake karta a kai, sai kwatarniyar dakakkiyar bagaruwa. Ya tsamo wata fata, ya yanki gefenta da wuƙa, ya matso da ita kusa da idona.

"Malam, ka ga farin layin nan a tsakiya? Ba ta sha ba tukuna."

Na daɗe ina kallon layin nan, domin shi ne ainihin abin da muke nema, sai dai mu a matakin ƙwayoyin zarra. Fata kolajin ce, wato polima, dogayen sarƙoƙi uku-uku a murɗe da juna. Sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa yana shiga tsakaninsu ya kama su, shi ya sa jemammiyar fata ba ta ruɓewa. Matsalar ita ce ba ta narkewa a ruwa, gwajin da aka saba kuwa sai an narkar da abu. In ka tilasta mata da asid, ka wargaza haɗin da kake son gani. A nan ne NMR na daskararrun abubuwa, wato gwajin leƙa ƙwayoyin abu da maganaɗisu da igiyar rediyo, yake da rana, don ana duba abu ne yadda yake.

Da ya ga ina zuba 'yan guntaye a ambulan, sai ya ce, "Waɗannan kuma na mene ne?"

Na ce, "Baba, Faransa za su, akwai na'urar da za ta leƙa cikinsu."

Muka koma inuwa na yi masa bayani iya gwargwado. Ana cusa garin fatar a wani ɗan bututu mai faɗin milimita 4, a zura shi cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 9.4, wanda ruwan hiliyam ke sanyaya wayoyinsa zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. Sai a harba masa igiyar rediyo, ƙwayoyin kabon su amsa, kowace a kan tata mita kamar tashar rediyo, gwargwadon abin da ke maƙwabtaka da ita. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka gano wannan a Amurka a 1946, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Da shi kuma na'urar MRI ta asibiti take aiki.

A ruwa ƙwayoyi na ta juyi da kansu, amsa ta fito siririya. A daskararren abu kuwa kowace ta kafe ta fuskanci nata gefen, amsoshin su cakuɗe su zama tudu guda. Maganin da Raymond Andrew ya kawo a Birtaniya a 1958, Irving Lowe kuma a Amurka a 1959, shi ne a karkata bututun digiri 54.74 daga layin maganaɗisu, a sa iska ta juya shi. Na yau yana yin fiye da zagaye 10,000 a daƙiƙa ɗaya. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Mazari ke nan." Haka ne kuwa.

Sauran wahalar ta kabon-13 ce, irin kabon da ke amsawa, wanda bai wuce kashi 1.1 cikin ɗari ba. Dabarar aro masa ƙarfi daga haidurojin ta fito daga su Alexander Pines da John Waugh a farkon shekarun 1970, sannan Jacob Schaefer da Edward Stejskal suka haɗa ta da juyin bututu a 1976. Tun daga nan ake iya bambance sashen leda da sarƙoƙinsa suka jeru tsaf da wanda suka hargitse, haka ma a zaren auduga. A fata kuwa, kabon ɗin tanin yana fitowa wajen 145 a ma'aunin da na'urar ke jera amsoshin a kai, a wurin da kolajin bai cika ba, sai ka ga yawan bagaruwar da ta shiga.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda fatunmu ke fita da arha, ilimin cikinsu kuma a rubuta shi a wata ƙasa, alhali masu aikin suna nan da ransu, suna gane fatar da ta sha da ɗan yatsa. Ina so sakamakon ya dawo majemar nan da Hausa.

Da za mu tashi ya kira ɗansa ya ɗauko wata fata da aka tsame da wuri, ta bushe ƙandas tana tsagewa.

"Haɗa da wannan, Malam. A gwada ta da mai kyau, in ji abin da za su ce."

Na yanka, na rubuta mata lamba, na karɓi lambar wayar ɗan nasa, muka nufi tasha.