Lamba ta goma sha uku

Ɗauki gwangwanin madara ko kwalin shayi ka duba ƙarƙashin layukan nan baƙaƙe da sikana ke haskawa, wato bakod. Galibi lambobi 13 za ka ƙirga. Sha biyun farko su ne sunan kayan. Ta ƙarshen kuwa lissafo ta ake yi daga sauran, kuma aikinta ɗaya ne: ta tona asiri idan an yi kuskure wajen karantawa ko bugawa. Sana'ata rubuta manhajar sayarwa da ta sito ga kantuna a nan Kano, kuma duk sanda aka kawo mini manhajar wani in gyara, nan nake fara leƙawa. Tana duba wannan lamba kafin ta karɓi sabon kaya? Yawanci ba ta dubawa, alhali aikin bai kai layi goma ba.

Ga yadda lissafin yake a tsarin EAN-13, bakod mai lamba 13 da ya samo asali daga Turai, wanda shi ne a jikin yawancin kayanmu. Bari in ƙirƙiro lamba don misali: 615123456789. Fara daga dama. Lambar farko a ninka ta sau uku, ta biyu a bar ta yadda take, ta uku sau uku, haka har a ƙure. Waɗanda za a ninka su ne 9, 7, 5, 3, 1, 1. Jimlarsu 26, sau uku 78 ke nan. Sauran su ne 8, 6, 4, 2, 5, 6, jimlarsu 31. Haɗa 78 da 31, ka samu 109. Nawa ya rage ta cika 110? Ɗaya. To ita ce lambar tantancewa, cikakken bakod ɗin ya zama 6151234567891.

Da gangan na ce a fara daga dama. Bayanai da yawa a intanet daga hagu suke farawa, su ce gurbi na biyu da na huɗu da na shida ake ninkawa. Gaskiya ne ga mai lamba 13, amma ranar da aka kawo maka ƙaramin bakod mai lamba 8 na jikin alewa, ko mai 12 na kayan Amurka, ko mai 14 na jikin katan, ƙa'idar hagun ta rikice, sai ka rubuta musu wata ƙa'idar daban. Daga dama kuwa ƙa'ida ɗaya ce ta ɗauke su duka.

A Python, wani harshen rubuta manhaja, haka nake rubuta shi:

def lambar_tantancewa(jiki):
    jimla = 0
    for i, x in enumerate(reversed(jiki)):
        jimla += int(x) * (3 if i % 2 == 0 else 1)
    return (10 - jimla % 10) % 10

Dubi layin ƙarshe da kyau. Alamar % 10 na nufin a raba da goma a ɗauki ragowar, kuma yin hakan har sau biyu ba ado ba ne. Idan jimlar ta faɗo daidai kan 110 ko 90, ragowar sifili ce, goma a cire sifili kuma goma ne, alhali gurbin lamba ɗaya yake ɗauka. Amsar da ake so sifili ce. Wanda ya manta wannan, manhajarsa za ta yi ta aiki lafiya lau, sai dai kusan kaya ɗaya cikin goma ta ƙi shi ba dalili, mai kanti ya yi ta zargin sikana.

Me ya sa uku, ba biyu ko biyar ba? Saboda uku ba ta da abin da ya haɗa ta da goma wajen rabawa. Ninka 0 zuwa 9 da uku ka duba ƙarshen kowace amsa: 0, 3, 6, 9, 2, 5, 8, 1, 4, 7. Babu wadda ta maimaitu. Shi ya sa duk lamba ɗaya da aka buga ba daidai ba, ko a wane gurbi take, dole jimlar ta sauya, a kama ta. Da biyu aka zaɓa, 1 da 6 za su ba da 2 da 12, ƙarshensu ɗaya, kuskuren ya wuce salin alin.

Amma tsarin yana da ɓaraka, kuma ɓarakar ta faɗo daidai kanmu. Kuskuren da yatsa ya fi yi bayan na lamba ɗaya shi ne musanya maƙwabta, a buga 43 maimakon 34. Lissafin yana kama wannan, sai fa idan tazarar lambobin biyu biyar ce: 0 da 5, 1 da 6, 2 da 7, 3 da 8, 4 da 9. Dalili, musanyar tana sauya jimla da ninki biyu na tazarar, biyu sau biyar kuma goma ne cif. Cikin hanyoyi 90 da lambobi biyu mabambanta za su iya zama maƙwabta, 10 suna sulalewa. Yanzu tuna cewa lambobin da reshen Najeriya na GS1, ƙungiyar da ke kula da lambobin bakod a duniya, ke rabawa da 615 suke farawa. Shida da ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Juya misalinmu ya koma 165123456789 ka sake lissafi: 93 da 26, jimla 119, lambar tantancewa ɗaya. Ba abin da ya motsa. Tsohuwar lambar littattafai ta ISBN mai gurbi goma ba ta da wannan matsala, don da 11 take rabawa, shi ya sa wani lokaci ake ganin X a ƙarshenta a madadin goma. Tun farkon 2007 littattafai suka koma gurbi 13 masu farawa da 978 (daga baya har da 979), suka gaji ɓarakar su ma.

Wani zai ce ai sikana da kanta tana yin wannan lissafi kafin ta yi ƙara, to ina amfanin maimaitawa? Haka ne, tana yi. Matsalar ba daga sikana take shigowa ba. Tana shigowa ne lokacin da leda ta yamutse ko sanyin firiji ya jiƙa takardar, kashiya ta ɗaga kayan kusa da ido tana buga lambobin da yatsa ɗaya, layi ya kai bakin ƙofa. Tana kuma shigowa, fiye da ko'ina, ta Excel.

Na taɓa zama da mai kula da sito a wani kanti muna ɗora jerin kayan da dila ya turo. Ya buɗe fayil ɗin a Excel don ya gyara farashi biyu, ya adana shi a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla, ya miƙo mini filashi. Da na buɗe, layin bakod gaba ɗaya ya koma irin 6.15123E+12. Excel haka yake nuna duk lambar da ta kai gurbi 12, kuma idan ya adana CSV abin da yake nunawa yake rubutawa, sauran lambobin sun tafi ke nan. Kaya iri-iri na kamfani ɗaya duk suka koma lamba guda mai jerin sifilai a baya. Ya dafe kai ya ce, "Injiniya, wallahi farashi kawai na taɓa." Gaskiya ya faɗa. Manhajar ta ƙi karɓar jerin, ta nuna layukan da suka faɗi, muka nemi dila ya sake turo na asali.

Daga nan ƙa'idata ta biyu, bayan ta duba lambar tantancewa: bakod rubutu ne, ba adadi ba. Ba a tara shi, ba a raba shi, saboda haka kada a ajiye shi a gurbin lissafi. Gurbin adadin da manhajoji da yawa ke amfani da shi, mai bit 32, iyakarsa 2,147,483,647, bakod ya fi ƙarfinsa. Ko an ba shi babban gurbi, sifilin farko zai ɓace, kuma sifilin nan yana da aiki. Tsarin Amurka na UPC mai gurbi 12, wanda George Laurer na kamfanin IBM ya tsara, aka fara haska shi a jikin fakitin cingam a garin Troy na jihar Ohio ranar 26 ga Yuni 1974, ya riga na Turai mai 13. Da aka zo haɗa su sai aka ce a sa wa na Amurka sifili a gaba. Lambar tantancewarsa ba ta sauyawa, tunda sifili ba ya ƙara komai a jimla. Sai dai wata sikana tana turo 12, wata 13, gwargwadon saitinta, ka tarar kaya ɗaya ya shiga sito da suna biyu. Ni ina cike kowace lamba da sifilai a gaba har ta kai gurbi 14 kafin in ajiye ta.

Abin da lambar ba ta faɗa shi ma ya kamata a sani, don masu kantuna kan ɗora mata nauyin da ba nata ba. Kamar mai gadi take da ke duba ko katin shaida ya cika, ba ya duba fuskar mai riƙe da shi. Mai yin jabu kwafe bakod ɗin na gaske yake yi sukutum, lissafi ya fita daidai. Kuma saƙon nan da ke yawo a WhatsApp cewa lambobi ukun farko suna nuna ƙasar da aka ƙera kaya, ba haka ba ne. 615 na nufin kamfanin ya yi rajista a Najeriya, 603 a Ghana, 690 zuwa 699 a Sin. Kamfanin Legas zai iya sa a ƙera masa kaya a Sin ya buga 615 a jiki, bai karya doka ba.

Sai kayan da ba su da lamba ta gaskiya. Ƙananan masu sana'a da yawa, masu yaji da zuma da man shafawa, mai zana musu sitika ne ke ƙirƙiro lambobi don kwalba ta yi kyau. Wasu sikana ba ta ma karanta su. A nan ra'ayina ya bambanta da na abokan aiki masu son manhaja ta rufe ƙofa ko'ina. A wurin shigar da sabon kaya cikin sito, e, ta ƙi, don a nan akwai lokacin ɗauko kwalin a sake dubawa. A gaban kashiya kuwa ta yi gargaɗi kawai, ta ba ta damar neman kayan da suna, ta kuma nuna sunan da manyan baƙaƙe bayan an buga lamba da hannu, tunda ido ne kaɗai zai kama 165 da aka buga a madadin 615. Kayan da lambarsu ta bogi ce, da waɗanda kantin ke ƙullawa da kansa irin su sukari da wake a leda, ina ba su sabuwar lamba mai farawa da 20 zuwa 29. GS1 ta ware wannan zangon don amfanin cikin gida, ba za a taɓa ba wani kamfani shi ba. Manhajar ta lissafa lambar ƙarshe da wannan ɗan lissafin Python na sama, firinta ta fitar da sitika, a manna a kan tsohon bakod ɗin ya rufe shi gaba ɗaya, don kada sikana ta riƙa haska na ƙasa.