Abin da zama da masu shaye-shaye ya koya mini

Yawancin iyayen da ke kawo mana 'ya'yansu, mu masu ba 'yan shaye-shaye shawara, da buƙata ɗaya suke zuwa: "Malam, ka yi masa faɗa." Alhali yaron ya sha faɗa a gida, ya sha a gaban liman da mai unguwa, wani ma har gidan mari an kai shi. Da faɗa yana raba mutum da ƙwaya, da ba su iso wurinmu ba.

Aikin mai ba da shawara sauraro ne tun farko. Tambayar da na ga ta fi buɗe baki ita ce: "Me ƙwayar take yi maka?" Lebura zai ce tiramol ce ke sa ya wuni yana ɗaukar bulo bai ji gajiya ba. Matar aure za ta ce idan ba ta sha kodin ba, tunani ba ya barin ta ta rintsa. Sai ka san ramin da ƙwayar ke cikewa kafin ku zauna ku tsara abin da zai maye gurbinta, ko sana'a ce, ko sulhu a gida, ko ganin likita.

Sai riƙon sirri, wanda a wurina ya fi kowace takardar shaida nauyi. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Amma matan da ke shigowa ofishinmu ƙalilan ne, domin kowace tana tsoron maganar ta kai ga miji ko dangin miji. Uba zai tsare ka a bakin ƙofa yana so ya ji abin da ɗansa ya faɗa. Dole ka san yadda za ka ba shi haƙuri cikin girmamawa ba tare da ka kwance wa yaron zani a kasuwa ba, sai fa idan akwai rai cikin haɗari.

Takardar ma tana da amfaninta. Mafi yawanmu mun karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ko aikin jin daɗin jama'a, ko jinyar masu taɓin hankali, wasu kuma sun ƙara da horon UTC kan kula da masu shaye-shaye, na ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta Colombo Plan. Karatun ne ke nuna maka inda hurumin aikinka ya tsaya. Wanda ya daɗe yana shan roci ko giya, idan ya daina rana ɗaya jijjiga na iya kama shi, har ta kai ga rasa rai. Wannan aikin likita ne, a tura shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Mu ba ma rubuta magani.

Abin da ya fi yi wa iyaye ciwo shi ne komawa ruwa. Bincike ya nuna 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake sha, kusan yadda mai hawan jini kan saki maganinsa. Shi ya sa tun kafin a sallami yaro muke zama da uwa da uba mu tsara ranar dawowarsa gida: wace majalisa zai ƙaurace wa, wa zai riƙa raka shi asibiti, me zai yi da la'asar, lokacin da abokai kan taru, kuma wa zai kira a waya idan sha'awar ta taso masa da dare.